Yadda Muka Je Maraɗi Neman Ruwan Jego

Tun ranar da muka dawo daga Maraɗi ban huta ba. Duk wadda ta shigo gidanmu, kafin ta gaida mai jego sai ta ɗaga kai ta dubi saman banɗaki, ta juyo ta ce, "Shafa, wai ya aka yi?" Na faɗa wa maƙwabta, na faɗa wa 'yan ajinmu na sakandare a waya, na maimaita wa wata tsohuwa da ba ta ji sosai har muryata ta dushe. Bakina ya gaji. Ga shi na rubuta. Wadda ta iya karatu ta karanta wa wadda ba ta iya ba, a bar ni in ji da wankin kayan jariri.

Daga itace abin ya faro. Yaya Luba, yayata, cikin fari gare ta, kuma kun san al'ada: haihuwar fari gida ake zuwa, wanka safe da yamma har arba'in, ruwa a tafashe, itacen kuwa na miji ne. Ya jibge shi ƙofar gidan surukai, tuli guda, duk mai wucewa ya gani. To yanzu wa ke kawo itace Ƙaura? Masu amalanken da ke shiga daji sun daina tun da dajin ya lalace. Ba sai na yi bayani ba, kowa ya san gidan da aka taɓa. Ɗan abin da ke shigowa kasuwa bai isa girki ba, balle wanka. Sai mijinta Lawali, tela, mutumin da in ban da almakashi bai taɓa riƙe ƙarfe mai kaifi ba, ya rantse zai ari amalanke ya shiga dajin wajen Dauran ya saro da kansa.

Na ce masa, "Yaya Lawali, kai da zakara ke kora?"

Ya ce, "Yi ta surutu, 'yar ƙanwa. In ban kawo ba, mi za a ce da ni garin ga? A ce ɗiyar mutane ta haihu na bar ta da ruwan randa?"

Har ya tsai da magana: da ya gama ɗinkin da ke hannunsa zai tafi. Daga ranar Yaya Luba ta daina cin abincin kirki.

Kawu Isufu, ƙanen Innarmu da ke sayar da kayan gini a Maraɗi, shi ya kawo mafita ta waya. Ya ce gidansa an daɗe ba a hura wuta don ruwan wanka ba, akwai tanki bisa rufi da rana ke dafa ruwan. Yana da ƙarami a shago, zai ba da shi gudummawar haihuwar Luba. Amma ba zai aiko abin da za a jingine a zaure awaki su riƙa hawa ba, sai wadda za ta yi wankan ta ce ta yarda. Wadda za ta yi wankan kuwa Gwaggo Tumba ce, yayar Babanmu, wadda ta wanke rabin matan unguwarmu. Amsarta ɗaya ce: "Ruwan da wuta ba ta taɓa ba, ruwan alwala ne."

Da ma 'yar Kawu, Mariyama, ta haihu, ana shirin suna. Baba ya ce Gwaggo ta je a madadin gida, ni in raka ta. Ya ja ni gefe ya ce, "Ki riƙe mata kaya, ki kuma riƙe bakinki." Na farkon dai na cika shi.

Kayan kuwa sai wanda ya gani. Ban da jakar tufafi, Gwaggo ta cika buhu taf da ganyen dogon yaro, wanda ake wankan jego da shi. Na ce, "Gwaggo, can ba su da itatuwa ne?" Ta ce, "Ganyen Faranshi ba shi da ƙarfi." Ita har gobe Nijar Faranshi take ce mata.

Da sassafe muka je tasha. Motocin Jibiya ba sa tashi ɗaiɗai yanzu, sai an jira sun taru a bi juna. Ni kuwa ba abin da na tsana kamar jira. Na tambayi direba yaushe za mu tashi, na sake tambaya, har ya ce, "Hajiya ƙarama, in kina sauri ga hanya nan, ba a rufe ta ba." Aka cusa mu baya mu huɗu: ni, Gwaggo, buhunta da ta hana a sa a but ɗin mota, da wani bawan Allah mutumin Badarawa mai kwandon zabi a cinya. Ya ce suruki zai kai wa. Zabin suka yi ta kuka tun daga Ƙaura har Zurmi, inda muka tsaya muka ci ƙosai da kunu a tsaitsaye.

Daga Zurmi hira ta mutu. Direba ya kashe rediyo, kowa ya ciro carbi. Na leƙa ta taga na ga dajin nan, shiru, ba hayaƙin gida, ba ko akuya. Na tuna nan ne Yaya Lawali ke son shiga da amalanken aro. Ina cikin wannan tunani sai muka ji "fam!" Kafin in ce Innalillahi Gwaggo ta danne ni da jikinta duka, mai zabi ya saki kwando, direba na ta salati. Ashe taya ce ta fashe. Ban taɓa ganin an sake taya da sauri irin na ranar ba, har mai zabin ya kama. Zabuwa ɗaya ta samu hanya ta tsere cikin daji. Ya tsaya yana kallonta, ya ce, "Tahi, na yahe ki. Ba ni bin ki can." Sai a nan dariya ta dawo motar.

A Jibiya muka sake mota zuwa iyaka. Ni na ɗauka iyaka wani katafaren gini ne da ƙofa. Ashe sandar ƙarfe ce a gicciye, da rumfuna, da masu canji ƙarƙashin lema. Na miƙa musu kuɗinmu dami guda, suka ba ni 'yan takardun da ko aljihu ba su cika ba, har na tsaya jiran saura. Can ɓangarensu wani jandarma dogo ya duba katinmu, ya nuna buhu ya ce, "Madam, mi ke ciki?"

Gwaggo ta ce, "Wa ce madam? Ni uwarka ce."

Ya ce, "To, Inna, mi ke ciki?"

Ta kwance buhun ta shiga yi masa karatun wankan jego tun daga fari: yadda ake tsoma ganye, yadda ake fyaɗawa, abin da sanyi ke yi wa macen da aka yi wa sakaci. Mutane sun yi layi bayanmu, ni kamar in nutse. Jandarman ya saurara har ta gama, sannan ya ɗaga yatsa ya nuna itacen da yake zaune ƙarƙashinsa. Dogon yaro ne, ƙato. Gwaggo ta dube shi sama da ƙasa, ta ɗaure buhunta, ta ce, "Wanga na inuwa ne."

Daga nan har cikin Maraɗi, dogon yaro ne dama da hagu. Ban ce komai ba. Baba ya kamata ya san a wannan wurin na yi ƙoƙari.

Hausar mutanen can ta fi kusa da tamu a kan ta Kanawa, sai dai suna barbaɗa mata Faransanci kamar yaji. Abin da ya fara tsone mini ido mata ne a kan babur, su ke tuƙawa da kansu, hijabi na kaɗawa, wata ma da goyo. Gwaggo ta yi ta a'uziyya. Ni kuwa na ce a raina, da a nan aka haife ni da ban taɓa jiran direba ba.

Gidan Kawu cike yake da 'yan suna. Matarsa, wadda kowa ke kira Tanti Rabi, ta sauke mu ɗaki ɗaya da wasu mata daga Tasawa, katifa na gogar katifa. Ɗayarsu minshari take kamar injin niƙa. Abinci kuwa ba laifi. Dambun zogalensu ya fi namu, in faɗi gaskiya, kilishinsu kuma ba a magana. Amma burodinsu dogo ne kamar taɓarya, tauri ma kusan haka. Gwaggo ta gatsa sau ɗaya ta ajiye, ta ce haƙoran da suka rage mata ba na wasa ba ne. Shayinsu shi ya ƙure ni. Mu a gida kofi ake cika maka da madara ka sha ka tashi. Su sai a zauna a kewaye 'yar buta, a yi ta ɗagawa ana zubawa, a ba ka ɗan abin da bai wuce kurɓi biyu ba, ɗaci kamar maɗaci, a ce ka jira na biyu ya fi daɗi. Da rana ta take kuma garin ɗaukewa yake yi. Na fita sayen hijabi na tarar da mai shago ya ja ƙofa yana barci, maƙwabcinsa ya ce in dawo bayan la'asar. A kasuwar Ƙaura ko gawa ce ke da shago sai ta tashi ta karɓi ciniki.

Da yamma Kawu ya hau da mu saman gida mu ga abin da ya kawo mu. Ni na zaci irin solar da muke cajin waya da ita ce. Ba ita ba ce, wannan ba waya, ba batir. Tanki ne fari a kwance bisa ƙafafun ƙarfe, da dogayen kwalabe baƙaƙe jere a gangare ƙarƙashinsa, suna fuskantar rana. Can sama kuma wani ɗan tanki mai murfi, ta nan ruwan sanyi ke shiga. Kawu ya ce rana ke gasa ruwan cikin kwalaben, mai zafi ya hau tanki, mai sanyi ya sauko, haka har yamma.

Gwaggo ta zagaya shi kamar mai sayen saniya. Ta ce, "To na ji na yamma. Wankan asuba fa? Rana gidanka take kwana, Isufu?"

Ya ce, "Yaya Tumba, tankin kamar fulas yake. Abin da ya kama da rana ba ya saki."

Ta ce, "Allah shi kai mu."

Allah ya kai mu. Ana idar da sallar asuba ta tashe ni in zo in shaida. Ta naɗe hannun riga, ta buɗe famfon banɗaki, ta tara hannu tana kallona da murmushin wadda ta riga ta ci shari'a. Ba ta ɗauki lokaci ba ta janye shi tana yarfewa. Tururi ya cika wurin. Na ce, "Ya dai, Gwaggo? A kawo miki buta ki yi alwala?" Ta ce, "Ɗan ɗumi ne." Amma duk safiyar hannun cikin zane yake.

A raina na ce an gama. Ashe yanzu aka fara.

Ranar suna ce, gida ya cika. Wajen hantsi ruwan zafi ya fara zuwa kore-kore, daga nan ya koma ɗigo, daga nan ya tsaya cak. Kawu ya hau sama, ya sauko hannunsa cike da ganye. Ashe Gwaggo, da ta ga zafin ya yi mata, sai ta ce saura abu ɗaya: ruwan jego da ganye ake dafa shi, a cikin tukunya. Ta lallaɓa ta hau bene ba wanda ya gani, ta buɗe murfin ɗan tankin, ta ɗura masa rabin buhun nan da muka sha wahalarsa tun daga Ƙaura. Ganye ya toshe bututu. Dole aka zubar da ruwan duka aka wanke. Kuma Kawu ya ce ba za a sake cikawa ba sai gobe da sanyin safiya, don in ruwan sanyi ya faɗa cikin kwalaben suna da zafi ba komai ciki, fashewa suke yi.

A nan ne bakina ya kuɓuce. Gaban matan Tasawa da sauran baƙi na ce, "Ku yi wa tanki barka, Gwaggo ta yi masa wankan jego." Tsakar gida ta ɗauki shewa. Gwaggo ba ta yi dariya ba. Ta miƙe ta ce wa Kawu, "Riƙe abinka. Gobe muna tahiya."

Wankan Mariyama na yamma sai da aka aro itace maƙwabta. Gwaggo ta hana kowa taɓa wutar, ta tsuguna bayan gida ita kaɗai tana fifita, hayaƙi na shigar mata ido. Na je na tsaya kanta. Na san haƙuri ya kamata in ba ta, amma abin da ya fito daban ne.

Na ce, "Gwaggo, kin ga dajin nan da idonki. In Yaya Lawali ya shiga bai fito ba, ke za ki haɗa wa Yaya Luba wankan jego da takaba?"

Ta daina fifita. Na jira mari, bai zo ba. Can ta ce, "Ke kina ganin ban san wannan ba? Ni na karɓi haihuwar Lawali, mara kunya. Ruwan ya yi zahi, na yarda. Amma ke yarinya ce. Itacen ga ba don wuta kaɗai aka kawo shi ba. Mace ta sha wuya, sai a ga wuyar da mijin ya sha. In ƙofar gida wayam, har ɗiyanta su girma ana yi mata gori. Shi ma ya san haka, shi ya sa ko kin ɗora tanki goma sai ya tahi."

Na tsuguna gefenta har ruwan ya tafasa.

Da safe aka cika tanki, zuwa la'asar ya yi zafi. Tanti Rabi, mace mai sanyin hali, ba ta ce wa Gwaggo ta yi kuskure ba. Kawai ta zuba ganye a babban baho, ta sakar masa ruwan famfo, ta rufe da faranti, ta ce, "Yaya, duba mini ko ya yi, ke kin fi ni sani." Da aka buɗe, ruwan ya rine, warin ganyen ya bugi hanci. Gwaggo ta shinshina, ta ce a ƙara ganye, don dai kada ta rasa abin cewa. Ita ta yi wa Mariyama wankan. Tanti ta sa aka surka, ta ce malaman asibiti sun hana mai ƙuna, Gwaggo ta yi kamar ba ta ji ba amma ta bari. Tafiyar da ta ce za mu yi ranar ba ta sake tada ita ba.

Bayan magariba ta sa aka kira Kawu. Ta ce, "Nan kuna da famfo. Mu wajen 'yan ga-ruwa muka saye. Wa ka kai ruwan can sama?"

Kawu ya sosa ƙeya. Ya ce gaskiya nan ne wahalar. Sai an kafa tsani, mutum ya riƙa hawa da bokiti yana zubawa, kullum da sassafe kafin rana ta yi zafi, kuma ruwan wanka biyu ba kaɗan ba ne. Na ce a raina shi ke nan, ya kashe maganar da bakinsa.

Gwaggo ta ce, "Kullum?"

"Kullum."

"Har arba'in?"

"In dai ana son ruwa."

Gwaggo ta gyara zama. Sannan ta ce, "Ɗaure muna shi."

Dawowa ta fi zuwa wuya. Tanki da ƙarafa a saman mota, kwalabe cikin kwali a cinyarmu, da wani ma'aikacin Kawu da zai kafa. Duk ramin da muka faɗa sai Gwaggo ta ce wa direba, "Ƙwai ka ɗauko, ɗan nan, ba duwatsu ba." A Jibiya wani fasinja ya nemi ya ɗora buhun albasa kan kwalin, ta yi masa kallon da ya sa ya sauka ya nemi wata mota. Jandarman nan ma mun same shi a iyaka, ya ce, "Inna, ina ganye?" Ta ce, "Ya yi aikinshi."

Mun iso Ƙaura mun tarar Yaya Lawali ya gama ɗinki, har ya karɓo amalanke, jibi zai tafi. Idon Yaya Luba ya kumbura. Gwaggo ko hijabi ba ta cire ba ta aika a kira shi. Ya zo ya tsuguna.

Ta ce, "Mai da amalanken mutane. Ba ni son itace."

Ya ce, "Gwaggo, mutane za su ce..."

"Za su ce, don za su gani. Ruwan wankan matarka kai za ka hau da shi sama, da hannunka, kullum. Ba ɗan aike, ba ɗan ga-ruwa. Ranar da ka yi fashi, ni da kaina zan gaya wa unguwa."

Aka kafa tanki bisa rufin kankare na banɗaki. Ma'aikacin Kawu ya jingina tsani ta tsakar gida, inda ya fi sauƙi. Gwaggo ta ce a'a, a fitar da shi waje, ta bakin titi, daidai hanyar masu dawowa daga masallaci.

Ba a yi mako ba Yaya Luba ta sauka lafiya, ɗiya mace. Tun ranar, duk wanda ya fito da safe zai ga tela a kan tsani, riga jiƙe, bokiti na rawa, Gwaggo daga ƙasa tana cewa bai cika ba. Dattawa na tsayawa su ce, "Sannu da aiki, angon ƙarni." Abokansa na shago sun mai da wurin majalisa. Wata mai ciki a layinmu har ta fara tambayar mijinta ko ya iya hawa tsani.

Jiya ya sauko yana haki, ya zauna bakin ƙofa yana matsa ƙafa. Na ba shi ruwa. Ya ce, "Wallahi Shafa, ke kika ja mini. Da dajin ne da yini ɗaya na gama."

Daga cikin ɗaki Yaya Luba ta ce, "Sake faɗi in ji."

Bai sake ba. Ya ɗauki bokiti.